Yadda Ake Tsaftace Tsohuwar Bindigar Gado Ba Tare da An Lalata Ta Ba

A gidaje da dama na Tahoua da ƙauyukan Adar, idan dattijo ya rasu aka zo fitar da kayansa, akan tarar da bindigar farauta a bayan akwati ko a soke cikin rufin ɗaki, naɗe da tsohon bargo. Ta yi shekaru ba a taɓa ta ba, ƙarfen ya yi ja, katakon ya bushe ya tsage. Abin da yakan fara zuwa ran magaji shi ne ya mayar da ita sabuwa fil: ya goge da sanfefa, ya shafa baƙin mai, wani ma har fenti. A nan ake yi wa bindigogin nan ɓarnar da tsatsar shekara talatin ba ta yi musu ba. Aikin da ke gabanka shi ne ka tsayar da tsatsa, ka ceci katako, ka bar mata kamanninta na tsufa. Ko za ta sake harbi, wannan magana ce daban, kuma ba a tsakar gida ake yanke ta ba.

Ka ɗauka akwai harsashi a ciki

Kada ka yarda da "ai Baba ba ya ajiye ta da harsashi". Ka fitar da yara daga wurin, ka nuna bakinta ga ƙasa mai laushi, yatsanka nesa da kunama, sannan ka buɗe ta. Mafi yawan masu baki biyu suna da ɗan ƙarfe a sama da ake turawa dama da babban yatsa, sai bindigar ta karye gida biyu. Simplex ta Faransa, mai baki ɗaya, da ƙarfen da ya kewaye kunama ake buɗe ta. Baikal ta Rasha mai baki ɗaya kuwa mabuɗinta yana ƙasa, bayan wannan ƙarfen. Idan ta ƙi buɗuwa, ka ɗiga kananzir a mahaɗa ka bar ta ta kwana. Idan har yanzu ta ƙi, ko ka tarar da harsashi ya kumbura ya laƙe a mazauninsa, ka tsaya nan. Ba a zungurar harsashi mai rai da sanda ta baki, ba a kuma dukan bindiga da guduma. Aikin mai gyaran bindiga ne.

Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ta fi yaudara, domin ba ta da inda za ka leƙa. Ka cire ƴar hular tagullar da ke tada wuta in tana nan. Ka zura sandar ɗuri cikin bututu har ta tsaya, ba tare da kanka ko tafin hannunka sun yi daidai da bakin ba, ka yi wa sandar alama, ka fitar ka gwada ta a jikin bututun ta waje. Idan ba ta kai ƙarshen bututun ba, akwai ɗuri a ciki. Albarushi yakan yi shekaru masu yawa bai mutu ba. Kada ka ce bari ka harba ka huta, kada kuma a kai ta kusa da wutar maƙera. Ka zuba ruwa a bututun ya jiƙa ɗurin, ka nemi wanda ya san cire shi.

Tsofaffin harsasan da ka tarar a jaka ko gwangwani, musamman masu jikin takarda, ba na harbi ba ne kuma. Kada a zuba su a juji inda ake cinna wa shara wuta. Ka ware su, ka miƙa wa hukuma lokacin da ka je maganar takardu.

Takardu da haƙƙin magada

Bindiga tana bin gado, amma izinin riƙe ta ba ya bi. Takardar da sunan mamaci take. Ka nemo duk abin da ya bari: izini, rasiɗin saye, tsohon izinin farauta. Ka rubuta lambar bindigar da sunan kamfaninta, ka je komisariya ko wurin jandarma da takardun kawai, ka bar bindigar a gida a kulle, ka tambayi yadda ake mayar da ita sunanka ko yadda ake miƙa ta. Izinin yana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, kuma tun 1994 Nijar tana da hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ba su da izini. A jiharmu maganar ba ta wasa ba ce. Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a yankunan Tillia da Tassara, shingayen bincike kuma suna kan hanyoyi. Wanda aka kama da bindiga a buhu bisa babur, "ta kakana ce, gyara zan kai" ba za ta fitar da shi ba.

Ita ma dukiya ce cikin abin da mamaci ya bari. A yi mata kuɗi a gaban magada, mata da maza, a san hannun wanda ta faɗa kafin ka kashe ko dala a kanta.

Karanta abin da aka buga a jikinta

Kafin ka goge komai, ka ɗauki hotonta ta kowane gefe da wayarka. Zai taimake ka wajen mayar da ita, zai kuma zama shaida.

Bindiga mai karyewa tana rabuwa gida uku ba tare da an kwance sukuru ko ɗaya ba. Da fari ka cire ɗan katakon gaba da ke ƙarƙashin bututu. Yana da maɓalli ko ɗan ƙarfen ja, wani kuma fizge shi ake yi a hankali. Sai ka buɗe bindigar ka ci gaba da karya ta har bututun ya fita daga ƙugiyarsa. Abin da ya rage a hannunka shi ne gangar ƙarfe haɗe da katakon gindi. Idan irin wadda gudumominta, wato ƙarafan da ke bugawa harsashi ya tashi, ke ɓoye a ciki ce, kada ka ja kunama bayan ka raba ta, domin mayar da bututun zai yi maka wuya. Idan taka ba ta rabu ta wannan hanya ba, kada ka tilasta mata.

Juya bututun ka dubi shimfiɗaɗɗen wurin da ke ƙarƙashin mazaunin harsashi. Tarihinta yana nan. Yawancin bindigogin da suka shigo ƙasar nan zamanin Faransa da bayansa daga Saint-Étienne suke, kuma sunan da za ka fi gani shi ne Manufrance, kamfanin da aka kafa a 1885 ya rufe a 1985. Shi ya fitar da Simplex a 1908 da Robust mai baki biyu a 1913. Tambarin gwajin Saint-Étienne rassan dabino ne a gicciye, haruffan PT kuma suna nufin an gwada ta da albarushin zamani marar hayaƙi. Ta Beljiyam tana da haruffan ELG cikin da'ira mai kamar ƙwai, alamar birnin Liège, PV kuma ita ce alamar gwaji da albarushin zamani. Inda babu tambari ko ɗaya, wataƙila ƙirar maƙeran gida ce, kuma babu wanda ya taɓa auna ƙarfinta.

Lambobi biyu ka nema. Ta farko faɗin baki: 12, 16 ko 20. Mai lamba 12 faɗinta kusan milimita 18.5 ne, kuma lamba tana hawa faɗi yana raguwa. Ta biyu tsawon mazaunin harsashi: 65, 70 ko 76, a wasu tsofaffin na Faransa a rubuta 6.5. Wannan lambar ce mutane ba sa kula da ita, ita ce kuma mai haɗari. Ana auna tsawon harsashi ne bayan ya buɗe, saboda haka na 70 yana shiga mazauni mai 65 sumul, bindiga ta rufe kamar ba komai. Sai an harba bakinsa ya rasa inda zai buɗe sosai, matsin ya ƙaru a cikin ƙarfen da ya riga ya tsufa. Idan kuma ka ga jikin bututun da zane mai murɗe-murɗe a cikin ƙarfen kansa, irin ƙirar da ake kira Damas ce, ta nannaɗe ƙarfe a dunƙule shi da wuta. Kyakkyawa ce ƙwarai, amma ba ta harsashin yau ba ce.

Kayan aiki

Ba su da yawa: kananzir, man keken ɗinki ko man bindiga in ka samu, ɗan girisi, tsummokin auduga da suka sha wanki, tsohon buroshin haƙori, tsinken katako, doguwar sanda ta katako ko tagulla, buroshin tagulla daidai faɗin bututun, da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000. Wannan soson ba shi ne na wanke tukunya ba; masu kayan kafinta da fenti ake tambaya, kuma in ba a samu a kasuwar Tahoua ba a yi saƙo kasuwar Katako a Yamai. Don katako kana buƙatar man da ake sayarwa da sunan huile de lin, da garin alli, da alkol na kantin magani.

Abin da ba zai taɓa bindigar ba kuwa: sanfefa, buroshin waya na inji, toka da yashi, lemun tsami, ruwan tsamiya, binigar, ruwan batir mai ci. Masu tsami suna cire tsatsa, gaskiya ne, amma suna tafiya da baƙin launin ƙarfen gaba ɗaya. Man gyaɗa da man shanu suna daskarewa su yi danƙo su kama ƙura. Baƙin man mota yana ruɓar da katako.

Ka yi aikin a inuwa inda iska ke wucewa, nesa da murhu da sigari, ranar da babu ƙurar hunturu.

Cikin bututu

Ɗaga bututun ka leƙa ta baya, bakin yana fuskantar farin bango. Sau da yawa ba za ka ga haske ba sam. Zanzaro yana son wannan rami: yakan gina ɗakinsa na laka kamar kamu ɗaya daga baki, ya cika shi da gizo-gizo, ya liƙe. Lakar takan bushe ta yi tauri, a bayanta kuma ƙarfen ya yi zoben tsatsa saboda damshin da ta riƙe. Wani lokacin tsumma ne da mai ita ya toshe bakin da shi aka manta. Ko wanne ne, da an harba a haka bututun zai kumbura ko ya fashe a wurin. Ka tura shi waje da sandar katako daga baya.

Sai ka toshe baki da tsumma, ka jiƙa cikin da kananzir sosai, ka jingine shi ya kwana. Washegari ka cire toshin, ka sa buroshin tagulla ka tura daga baya zuwa baki, ya fita gaba ɗaya kafin ka jawo shi, kada ka juya shi a tsakiya. Ka bi da tsumma a kan sanda. Na farko zai fito baƙi ƙirin da ja-ja, ka canza, ka sake jiƙawa, ka sake gogewa. Bututun da ya daɗe yakan ci kwanaki ana wannan kafin tsumma ya fito da haske, kuma babu hanyar gaggawa da ba ta cin ƙarfe. Bindigar toka da duk wadda aka harba da albarushi mai hayaƙi sai an fara da ruwan zafi da ɗan sabulu, domin gishirin da albarushin ke bari mai ba ya narkar da shi. A busar da ita sarai nan take, a shafa mai.

Yanzu sake leƙawa, kana juya shi a hankali. Lafiyayyen bututu yana nuna zoben haske a jere, masu kyan da'ira. Inda zoben ya karkace akwai lotsawa ko kumburi, kuma za ka ji shi in ka shafa bayan bututun da yatsu. Ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe ramukan tsatsa ne. Kada ka yi ƙoƙarin goge su har su ɓace, domin kaurin bututun ne kake ragewa.

Ga mai baki biyu akwai gwaji mai daɗi. Rataye bututun da zare ta ƙugiyarsa, kada ya taɓa komai, ka ƙwanƙwasa shi da ɗan katako. In ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, dogayen ƙarafan da suka haɗa bututun biyu suna nan daram. In ya yi "ƙwas" ko ya yi kaɗe-kaɗe, liƙin ya saki, tsatsa kuma tana iya cin ƙarfen ta inda ido ba ya gani. A tsofaffin bindigogi da kuza da dalma aka yi wannan liƙi, wuta kaɗan ke narkar da shi. Shi ya sa mai walda, komai gwanintarsa a kan ƙofa da amalanke, bai kamata ya kusanci bututun bindiga ba.

Tsatsar waje

Baƙin da ke jikin bututu ba fenti ba ne. Ƙarfen ne aka sa ya yi wata irin baƙar tsatsa mai kama jiki tun a masana'anta, kuma siririya ce ƙwarai. Jar tsatsa ta fi ta laushi, a nan dabarar take. Ka shafa mai ko kananzir ya jiƙa na kwana ɗaya, sannan ka shafa soson 0000 da mai a jikinsa, a hankali, kana bin tsawon bututun. Ka riƙa share jan ruwan da ke fitowa, domin shi ma yana karce. Inda tsatsa ta yi ƙuraje, ka kankare da ɗan guntun jan ƙarfe ko tagulla da aka daddale. Sun fi ƙarfen bindiga laushi, sawun da suka bari kuma mai yana ɗauke shi. Ka tsaya da zarar yatsa ya ji santsi. Launin ƙasa-ƙasa da zai rage ba ƙazanta ba ne, kuma ni a ganina ya fi kowane ƙyalli kyau a jikin bindigar da ta haura shekara sittin.

Gangar ƙarfen ma haka, sai dai da hannu mafi sauƙi, musamman in tana da zane ko sauran launin shuɗi da ruwan toka. Buroshin haƙori da tsinken katako sun isa su fitar da daskararren mai daga lunguna. Ka riƙe ta ƙarfen yana ƙasa katakon yana sama don kada kananzir ya gangara cikin itacen. Sukurorinta bakinsu siriri ne, sukudireban kasuwa yana tauna su nan da nan, a ciki kuma akwai ƙarafa masu tsalle da in sun fita ba sa komawa sai da kayan aikinsu. Kada ka buɗe cikin.

Katako

Zafin watan Afrilu da Mayu da bushewar hunturu suna tsotse katako har ya ja baya daga ƙarfe. Ka share shi da tsumma mai ɗan damshi da sabulu kaɗan, kada ka jiƙa shi. Ramukan zanen da ke wurin riƙo a bi su da buroshin haƙori. Idan ka ga ƙananan huji da gari yana zuba, ko hanyar gara ta ƙarƙashin farantin gindi, ka ɗiga maganin ƙwarin katako a ramukan ka naɗe shi a leda na ƴan kwanaki.

Dubi inda katako ya haɗu da ƙarfe. In ya yi baƙi ya yi laushi, man shekaru ne ya sha. Kwaɓa garin alli da alkol, ka shafa da kauri, ka ajiye a wuri mai ɗumi. Allin zai jawo man ya zama ruwan ƙasa, ka kakkaɓe ka maimaita. Lotsawar da ba ta yanke zaren itacen ba tana tashi in ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma ka taɓa da dutsen guga mai zafi. Amma ba kowane tabo ake cirewa ba. Wurin da tafin hannun mai ita ya side, da sunan da ya sassaƙa, da layar da baduku ya ɗinka masa a gindi, ka bar su. Sai dai fatar da ta naɗe ƙarfe, ita kam a ɗaga ta a duba, don tana riƙe damshi.

Tsagewa a wuyan katako, bayan kunama, ita ce mai muhimmanci, domin nan ne bugun harbi ke sauka. Ba a gyara ta da ƙusa ko waya. Ana fitar da man da ke cikin tsagar da alkol, a cusa gam mai haɗi biyu irin Araldite, a ɗaure tam da robar cikin tayar keke, a bari ya kwana biyu. In wuyan ya karye gaba ɗaya, gam zai riƙe shi don ajiya kawai.

Daga nan sai mai. Ɗigo kaɗan na huile de lin a tafin hannu, ka murza har katakon ya yi ɗumi, bayan rabin awa ka share duk abin da bai shiga ba, ka bar shi ya bushe kwana biyu kafin ka ƙara. Shafe huɗu ko biyar sirara sun fi ɗaya mai kauri, wanda zai yi danƙo ya kwashi ƙura. Tsumman da ya sha wannan man kada a dunƙule shi a jefa lungu, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a tsoma a ruwa.

Mayarwa da gwajin da ba harsashi

Ka shafa ɗan girisi a ƙugiya da sandar da bututu ke juyawa a kai, mai kaɗan a sauran ƙarfen, ka haɗa. Kafin ka mayar da katakon gaba, ka riƙe ta a gindi ka girgiza. In bututu yana motsi, ko ka ɗaga ta ga haske ka ga rata tsakanin bayan bututu da fuskar gangar ƙarfen, ta saki. Mai gudumomi a waje, ka ɗana su ka tura da babban yatsa ba tare da ka taɓa kunama ba, ɗayan yatsan yana tare gaba. Gudumar da ta zame bindiga ce mai tashi da kanta. Kada ka riƙa jan kunama a kan mazauni wofi, allurar da ke bugun gindin harsashi tana karyewa a tsohuwar bindiga.

Ko ta wuce duk waɗannan, ba ka san kaurin da ya rage a bututun ba, sai wanda ke da abin awo. Ka tambayi hukumar da ta ba ka takarda wane mai gyaran bindiga ta amince da shi. Ɗaure ta a itace a ja kunama da igiya ba shaida ba ce. Bututun da ya jure harbi na farko yana iya fashewa a na biyar, kusa da hannun hagu. In masani ya ce ta ajiya ce, ka karɓa. In ya ce tana harbi, sai harsashi daidai faɗinta da tsawonta, mai ƙwayar dalma, kuma kada a taɓa haɗa na 20 da na 12 a aljihu ɗaya, domin na 20 yana zamewa cikin bututun 12 ya maƙale. Farauta kuma tana da nata izinin da lokacinta a ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998, wurin ma'aikatan gandun daji ake nema. Harbin sama a biki ko tarbar alhazai bai kamata da kowace bindiga ba.

Ajiya

A kulle take zama, harsashi a wani wurin daban shi ma a kulle, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. Ka tsayar da ita baki ƙasa a kan katako don mai kada ya koma wuyan gindi. Kada ta jingina da bangon laka, kada ta kwana cikin kuben fata ko leda. Maimakon toshe baki, ka ɗinka mata doguwar riga ta auduga mai zariya, iska na shiga zanzaro ba ya shiga. Ƴan ƙunshin da ke zuwa cikin kwalin takalmi da magani masu tsotse damshi suna da amfani a akwatin. Ka fito da ita ka shafe a farkon Yuni kafin ruwa ya sauka, ka sake dubawa a Agusta lokacin da damshi ya fi yawa, sannan bayan kaka ka share ƙura. Duk wanda ya taɓa ƙarfen da hannu, a bi wurin da tsumma mai ɗan mai kafin a mayar, domin gishirin gumi yana fitar da sawun yatsa da tsatsa cikin ƴan kwanaki a damina.